Darasi: Yadda Siffar Porsche 911 Ta Sauya Daga 1963 Zuwa Yau

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau a kan mota guda ne, wato Porsche 911, wadda ake ƙerawa a unguwar Zuffenhausen da ke birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, kuma za mu bi sawun ƙirar jikinta ne tun daga shekarar da aka fara nuna ta ga jama'a har zuwa wadda ake sayarwa a yanzu. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, da wuya a sami wani sauyi a jikin motar nan da aka yi domin ado kawai, domin kusan kowanne akwai abin da ya tilasta shi, ko doka, ko iska, ko zafin inji, ko faɗin taya, ko kuma ƙarancin kuɗi a kamfanin.

Mu fara da inda injin yake, domin wanda bai fahimci wannan ba ba zai gane dalilin siffar ba. Ferdinand Porsche shi ne ya jagoranci ƙera Volkswagen Beetle, motar da manya a cikinmu suka sani sarai tun da an daɗe ana haɗa ta a Legas, kuma duk wanda ya taɓa buɗe bayanta ya san cewa a can injin yake, kuma fanka ce ke hura masa iska maimakon ruwa. Ɗansa Ferry ya ɗauki wannan tsarin ya fitar da motar wasanni mai suna 356 a 1948, sannan ɗan Ferry, Ferdinand Alexander, ya jagoranci zana wadda za ta gaje ta. Tun da babu inji a gaba, babu buƙatar lagireto, don haka hancin motar ya sami damar yin ƙasa sosai ba tare da wata babbar raga a fuskarsa ba. Murfin gaba ya kwanta tsakanin kafaɗu biyu da suke rufe tayoyi, kowace kafaɗa ta ƙare da fitila zagayayya wadda take tsaye, ta yadda direba yana zaune yana hango su, ya san daidai inda tayoyinsa suke. A baya kuwa, injin mai silinda 6 ne a kwance, uku a dama uku a hagu, ba shi da tsayi, shi ya sa rufin ya iya gangarowa daga saman gilashin gaba har zuwa bambar baya a lanƙwasa ɗaya ba tare da karyewa ba. Ku dubi tagar gefen motar, yadda ta fara da faɗi ta ƙare da tsini a baya, ku riƙe ta a zuciya, domin ita ce abin da masu zanen da suka biyo baya suka fi tsoron taɓawa.

An nuna motar a bajekolin motoci na Frankfurt a watan Satumba na 1963 da sunan 901. Kamfanin Peugeot na Faransa ya ƙi yarda, domin ya riga ya yi rajistar lambobi uku masu sifili a tsakiya, irin su 404 da kuma 504 da daga baya aka riƙa haɗawa a Kaduna, don haka bayan an ƙera 82 kacal da tsohon sunan sai aka mayar da sifilin ya zama ɗaya. Faɗin waccan motar milimita 1,610 ne, tsawonta 4,163, injinta lita 2 mai ƙarfin doki 130, tayoyinta kuma sirara ne. Siririyar mota ce mai yawan gilashi, ginshiƙan rufinta ba kauri, kuma ba ta da wani abu da ya fito daga jikinta face bamba mai adon ƙarfe mai walƙiya.

Matsalar farko ta fito ne daga nauyin da ke bayan tayoyin baya, wanda yake sa bayan motar ya nemi wuce gabanta idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana. A 1968 aka matsar da tayoyin baya da milimita 57 ba tare da an ƙara tsawon jikin ba, aka kuma ɗan buɗa bakin kafaɗun domin su karɓi taya mai faɗi, kuma daga nan ne ƙugun motar ya fara girma. Kafin wannan, a 1966, an kawo wilin nan mai ganye biyar na kamfanin Fuchs, wanda har yau idan aka gan shi ana tuna tsohuwar 911. Haka kuma fargabar cewa Amurka za ta hana sayar da motoci marasa rufi ta haifar da Targa, mai faffaɗan baka na ƙarfe a bayan kujeru domin kare kan direba idan motar ta kife.

Matsala ta biyu iska ce. Wannan rufin mai gangarowa da muka yaba, idan motar ta yi gudu sosai, yana aiki kamar fiffiken jirgi, yana ɗaga bayan motar daga ƙasa. Maganin da aka samo ya bayyana a Carrera RS 2.7 ta 1972, inda aka ɗaga ƙarshen murfin injin sama, abin da masoya motar suke kira wutsiyar agwagwa. An yi niyyar ƙera 500 ne domin cika sharaɗin shiga tsere, amma sai da aka sayar da 1,580. A ganina nan ne karo na farko da aka yarda cewa zanen asali yana da aibi, kuma aka gyara shi da abin da ido yake gani ƙarara maimakon a ɓoye shi.

Daga 1973 sai doka ta shigo. Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar kamfanin, ta ce dole bamba ta jure karo na gudun mil 5 a awa ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba. Motocin Turai da dama sun munana a wannan lokacin, domin an lanƙaya musu manyan bambobi baƙaƙe waɗanda ba su dace da jikinsu ba. Porsche ta ɗaga bambarta sama, ta yi mata fenti irin na jikin motar, ta sa roba mai naɗewa a gefe domin ta matse ta dawo, ta kuma gajarta murfin gaba. A baya aka shimfiɗa jan layi tsakanin fitilu biyu ɗauke da sunan kamfanin, kuma za mu sake haɗuwa da wannan layin can gaba. Wannan zubin ya daɗe har 1989, kuma a cikinsa ne aka fitar da Turbo a 1975 mai ƙarfin doki 260, wadda aka buɗa ƙugunta ƙwarai domin manyan tayoyi, aka ɗora mata faffaɗan fiffike mai bakin roba. Da aka ƙara injin zuwa lita 3.3 a 1977, sai aka ɗaga fiffiken ya zama kamar akwati, saboda an ɓoye na'urar sanyaya iskar inji a ƙarƙashinsa.

Ya kamata a san cewa a wannan zamanin saura ƙiris a daina ƙera motar. Shugabannin kamfanin sun fitar da 928 a 1977, mai inji a gaba da sanyaya ta ruwa, da nufin ta maye gurbin 911, sai Peter Schutz da ya karɓi shugabanci a 1981 ya soke wannan shawarar. Ba da daɗewa ba motar ta ratso ƙasar Nijar, domin wata 911 da aka ɗaga ta sama aka ba ta ja da tayoyi huɗu ita ce ta ci tseren Faris zuwa Dakar na 1984 a hannun René Metge, a shekarun da hanyar tseren take bi ta Agadas da hamadar Tenere. Abin da aka koya a cikin wannan rairayin ya shiga zubin da ya biyo baya, wato 964 na ƙarshen 1988, wanda ya zo da ja ta tayoyi huɗu, bambobin roba da suka haɗe da jiki, da ƙaramin fiffike da yake ɓoye a murfin inji har sai gudu ya kai kilomita 80 a awa sannan ya taso da kansa. Da wannan dabarar layin rufin ya koma tsaf kamar na farko idan motar tana tsaye.

Yanzu mun iso inda na fi so mu daɗe. A 1993 aka fitar da 993, wadda Baturen Ingila Tony Hatter ya zana. Ya kwantar da fitilun gaba suka jingina baya, ya sauke kafaɗun suka kusanci murfin, sannan ya cika ƙugun baya ya yi masa lanƙwasa mai laushi wadda ta taso tun daga ƙofa, domin an sauya ƙafafun baya gaba ɗaya an ba su ƙarin faɗi. Rufin kuwa kusan bai taɓa shi ba, har magudanar ruwan sama da ke gefensa tana nan. Sakamakon shi ne mota mai ƙaramin ɗaki irin na 1963 a zaune a kan faffaɗan jiki na zamani, kuma ni a wurina babu zubin da ya kai wannan daidaito tsakanin sama da ƙasa. Ita ce ta ƙarshe da iska take sanyaya injinta, an daina ƙera ta a 1998, kuma ba a kai 70,000 ba.

Wadda ta gaje ta, 996 ta 1997, ita ce aka fi zagi, kuma ina ganin an zalunce ta. A farkon shekarun 1990 ciniki ya faɗi ƙwarai, kamfanin yana asara, ga kuma dokokin hayaƙi da na ƙara suna ta tsananta, abin da injin da fanka ke sanyayawa ba zai iya ci gaba da cikawa ba. Aka koma ga ruwa, wanda ya sa dole a samar wa lagireto wuri a kusurwoyin bambar gaba tare da manyan kafofin shigar iska. Mai zanen, Pinky Lai ɗan Hong Kong, ya sami damar da babu wanda ya samu tun 1963, wato sabon jiki daga tushe, sai ya ƙara kwantar da gilashin gaba, ya cire magudanar ruwa, ya sulɓe gefunan. Amma saboda tsimin kuɗi an raba kayan gaba da ƙaramar motar kamfanin mai suna Boxster, har da fitilun, waɗanda aka haɗa babbar fitila da sigina mai ruwan lemo a gida ɗaya mara zagaye, mutane suka riƙa kiran su soyayyen ƙwai. Ƙorafin yana da tushe, domin wanda ya biya kuɗin 911 ba ya son a ɗauka Boxster yake tuƙawa idan an hango shi ta gaba. Sai dai idan kuka rufe fitilun da hannu kuka dubi gefen motar, za ku ga tagar nan mai tsini da gangarowar rufi suna nan yadda suke, kuma an sayar da fiye da 170,000, cinikin da ya taimaka wa kamfanin ya miƙe.

Kamfanin ya ji kukan jama'a, shi ya sa 997 ta 2004 ta dawo da fitila mai zagaye, aka mayar da sigina cikin bamba. A 2011 zubin 991 ya ƙara tazarar tayoyin gaba da na baya da milimita 100, aka shigar da alminiyam da yawa a jiki, aka sauke madubin gefe zuwa kan ƙofa, kuma a zamaninsa ne aka ƙera mota ta miliyan ɗaya a watan Mayu na 2017.

Zubin da ake kai yanzu, 992, an nuna shi a Los Angeles a watan Nuwamba na 2018. Jan layin nan na 1973 ya dawo a matsayin fitila guda siririya da ta ratsa bayan motar daga gefe zuwa gefe, hannun ƙofa ya nutse cikin jiki, kuma faffaɗan ƙugun da a da ake keɓe wa wasu nau'o'i ya zama na kowa. A nan ne nake da damuwa. Faɗin motar ya kai milimita 1,852, wato ƙarin kusan santimita 24 a kan ta farko, tsawonta ya wuce mita huɗu da rabi, tayar baya ta Carrera S kuma faɗinta milimita 305 ne a kan wili mai inci 21, alhali ta 1963 tana tafiya a kan taya mai 165. Dalilan a fili suke, domin dokokin kariya daga haɗari suna buƙatar kauri, kuma ƙarfin doki 385 da mafi ƙanƙantar Carrera ta fito da shi a 2019 ba zai zauna a kan siririyar taya ba. Amma duk da haka ɗakin ya zama ƙarami a kan jiki mai girma, ƙofa ta yi tsayi, gilashi ya ragu a ido, kuma sauƙin gani da siririyar motar farko take bai wa direba a ƙaramar hanya ya ragu.

A gyaran da aka yi wa wannan zubin a 2024, an cire agogon allura na tsakiya da ke nuna juyawar inji, wanda yake gaban direba tun farko, aka mayar da allon gaba ɗaya na lantarki, aka kuma sa maɓallin tayar da mota a hagun sitiyari, inda makulli yake a da. Nau'in GTS ya sami inji mai taimakon batir, kuma ana gane shi ta tsayayyun faifai biyar a kowane gefen bambar gaba waɗanda suke buɗewa da rufewa gwargwadon zafin inji. Domin a samar wa waɗannan kafofin wuri, an ɗauke sigina daga bamba an mayar da ita cikin babbar fitila, wato abin da aka yi a 996 aka sha suka, sai dai a wannan karon an bar gidan fitilar da zagayensa.