Me ya sa esin mota ke huro iska mai zafi?

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda cunkoson Kejetia a Kumasi ya taɓa riƙewa da tsakar rana a watan Maris ya san halin da ake shiga idan aka kunna esi sai ta riƙa huro zafi. Yawancinmu sai mu zarce Suame Magazine, unguwar makanikai, mu ce wa makanike ya ƙara gas. To, gas ɗin esi ba ƙona shi ake yi ya ƙare kamar fetur ba. Zagayawa yake yi cikin rufaffun bututu, saboda haka idan ya ragu sosai akwai inda yake yoyo, kuma wanda aka ƙara ta nan zai sake fita.

Ku buɗe bonet, ku tayar da injin, ku kunna esi. A motoci da yawa za ku ji ƙas, sannan farantin da ke gaban kwamfireso, wato famfon da ke matsa gas ɗin yana zagayawa da shi, ya fara juyawa. Idan bai juya ba, a fara duba fiyus da wayoyi, ko da yake ƙarancin gas ma yana hana shi kamawa, domin akwai makunnin da ke yanke masa wuta don kada ya lalace.

Idan kuwa sanyi yana zuwa a kan babbar hanya amma ya ɗauke da zarar an tsaya, ku duba fanka da kondensa, wadda ke fitar da zafin gas a gaban lagireto, inda ƙurar hunturu ke taruwa ta toshe hanyar iska.

Sai an wuce nan ne makanike zai ɗaura gejinsa na auna matsin gas, shuɗi a ɓangaren ƙaramin matsi, ja a ɓangaren babba. Wurin yoyo yakan nuna kansa da maiƙon da ƙura ta manne wa, musamman a mahaɗar bututu, kuma ruwan sabulu zai yi kumfa a wurin. Bayan gyara, ku nace a zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, sannan a auna gas bisa nauyin da aka rubuta a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. Takardar tana faɗin irin gas ɗin: R134a a yawancin motocinmu, R1234yf a sababbin da ake shigowa da su daga Amurka da Turai, kuma ba a haɗa su.

Idan bututun esi mai kauri ya yi sanyi har yana raɓa amma cikin mota na nan da zafi, kada ku yarda a taɓa gas. Matsalar tana bayan dashbod, sau da yawa a ƙofar da ke raba iskar hita da ta sanyi.