Sanyin Landan ya so ya cinye min gashi

Assalamu alaikum mutanen Kano, 'yan uwana mata barkanku da war haka. Yau raina a ɓace yake wallahi, bari in nuna muku dalili. Kun ga wannan 'yar robar? Man sitimin ne, wanda ake shafa wa gashi bayan wanki a rufe shi don ya yi laushi, yanzu na shigo da shi daga kanti, fam 12 na bayar. Na juya bayanta ina duba abin da aka haɗa a ciki, sai ga man kaɗanya a sahun farko. Man kaɗanya fa jama'a! Wanda ake ƙulla mana a leda a Kasuwar Rimi, wanda Hajiyarmu ke mulka mana a ƙafa in kaushi ya taso muna ta ƙorafin wari. Kuma ku sani duk duniya ba ƙasar da ta kai Najeriya samar da ƙwarar kaɗanya, mu kwashe ɗanya mu tura waje, su tace su zuba ƙamshi su liƙa takarda, mu kuma mu ciro fam mu saya. Shi ya sa da na ji a watan Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar na wata shida na ce to madalla, ko da yake matan karkara masu tsintar ta sun ji jiki da farashi ya faɗi, Allah ya musanya musu.

To amma dole na saya, don gashina karyewa yake kamar busasshen karkashi, in na taje sai ka ga gutsattsari a kafaɗa da kan matashi, ba daga tushe yake fita ba, daga tsakiya yake ɓallewa. Ni da nake ganin na san hunturu, haifaffiyar cikin birni, na sha ƙura da tsagewar leɓe tun ina yarinya. Na nan daban ne. Waje sanyi, cikin gida hita a kunne dare da rana tana zuƙe danshin iska, sannan ga ruwan famfon Landan mai nauyi, ku leƙa cikin butar shayina ku gani, wannan farin abin da ya kama gindinta daga ruwan ne, kuma irinsa ne yake zama a jikin gashi har mai ya kasa shiga. Ga hular ulu a kan ɗankwalin auduga, su ma suna shan nasu.

Yadda nake yi, sau ɗaya a mako. In tsefe, in wanke da shamfu, in matse da tsohuwar riga ba tawul ba, a bar shi da danshinsa. Sai in raba gida huɗu in bi kowanne da man sitimin, na fi ba bakin gashi ƙarfi don shi ne tsoho shi ya fi wahala, fatar kai kuwa ba na shafa mata. In rufe da leda, in ɗaura tawul mai ɗumi, minti 20 zuwa 30, a nan nake sauraron saƙon muryar Yaya da ba ya ƙarewa. In ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, sannan tun bai bushe ba in narka man kaɗanya a tafin hannu in bi shi. Ku riƙe wannan don Allah, mai shi kaɗai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙawa, aikin mai ya tsare danshin kar ya gudu. Mai labta mai a busasshen kai ƙyalli kawai za ta samu.

Kuma ina ja muku kunne, ku dinga karanta robar. Akwai man sitimin da aka cika wa sinadarin furotin, in kika dage da shi duk mako gashin zai sandare ya ƙara karyewa, irin wannan sai jefi-jefi. Kar ki kwana da shi a kai wai don ya fi shiga. Kar kuma ki jefa hijabi a kan jiƙaƙƙen gashi ki fita cikin wannan sanyin.

Kai ina kewar makitsiyata ta Gwammaja! Ki zauna a tabarma ta tsefe ta wanke ta yarfa miki shuku kuna hira, a nan kuwa kitso sai kin kama layi a waya, fam 60 ko sama, wata ma ta ja miki gaban goshi har ya zube. Ƙanwata da ke shirin tahowa karatu, da duk mai niyya, ki biya Kurmi ko Rimi ki auno man kaɗanya mai kyau da karkashi da hulba, ki ɗinko hular siliki ta barci ko biyu ce. Man shanu dai kar ki soma, ba a shigo da kayan madara da nama Ingila daga Najeriya, kilishi ma ƙwacewa za a yi a filin jirgi. Bari in je in ɗauraye, magariba a nan yanzu tun kafin ƙarfe 4 take yi.