Launin Ƙasa da Kwanciyar Hankali

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, ɗalibai da sauran jama'a, ina godiya da wannan gayyata.

Maganata a yau a kan shawarwarin maganin damuwa ne da ake ƙaƙaba wa kowa kamar riga ɗaya. Zan fara da bango kafin in zo kan zuciya. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon zaure a birnin Kano ko Zariya da tsakar rana ya san yadda ido yake hutawa da zarar ya bar hasken waje. Magini yakan jiƙa ɓawon ɗorawa, ya kwaɓa ruwan da ƙasa, ya shafe bango da tafin hannunsa har a ga sawun yatsunsa, kuma wannan makubar ce take ba gini jan nan mai duhu, ta kuma kare shi daga ruwan sama. Ku dubi hasumiyar Gobarau a Katsina, ko masallacin Agadas wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya birninsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Harshenmu ma shaida ne, domin muna cewa ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro, ruwan makuba. Amma yau sai a ce mana waɗannan launuka suna kashe zuciya, wai mai damuwa ya nemi fenti mai haske.

Irin wannan magana tana da tarihi. A 1979 wani mai bincike a Amurka, Alexander Schauss, ya sa aka shafa wa ɗakin tsare fursunoni a Siyatil launin ruwan hoda, ya ce yana sanyaya masu fushi. Gidajen yari da dama suka kwaikwaya, sai daga baya aka sake gwajin da tsari mai kyau a Suwizalan, ba a ga wannan tasirin ba. An riga an kashe kuɗin fenti.

Haka shawarar nan ta a fita a sha rana. Tana da tushe, domin a 1984 likita Norman Rosenthal ya bayyana wani baƙin ciki da yake kama mutane a ƙasashen da rana take ƙaranci lokacin hunturu. Amma a gaya wa ɗan dako a Kasuwar Kwari, cikin watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40, cewa maganinsa rana ce, ai an yi masa ba'a. Inuwa yake nema. Haka matar da take zaune a gidan mutum ashirin, a ce ta keɓe ɗaki ita kaɗai ta yi shiru, ko saurayin da aka ce ya yanke hulɗa da duk mai ɓata masa rai, alhali mai ɓata masa ran mahaifinsa ne. Idan suka kasa, sai su ɗora wa kansu laifi, damuwar ta zama biyu. Mu ma muna da tamu rigar da muke ƙaƙaba wa kowa, wato "ka yi haƙuri, rashin tawakkali ne", ko da mutum ya yi wata uku ba ya barci.

Kada a ce na hana zuwa asibiti. Ciwon damuwa mai tsanani ciwo ne, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Barnawa da Kware suna kula da irinsa. Abin da nake nema shi ne irin abin da Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro kusa da Abeokuta tun 1954, inda ya saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin mutane. A Zimbabuwe kuma Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti su saurari masu fama da abin da 'yan ƙabilar Shona suke kira yawan tunani. Dukansu likitoci ne, kuma sai da suka tambayi inda mutum yake kwana da wanda yake ba shi abinci kafin su ce masa ga abin da zai yi.

A nan zan dakata domin masu tambaya.