Harmandir Sahib: Yadda Aka Gina Haikalin Zinare a Tsakiyar Ruwa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Wannan ginin da kuke gani yana ƙyalli a tsakiyar ruwa shi ne Harmandir Sahib, wanda duniya ta fi sani da Haikalin Zinare, a birnin Amritsar na jihar Punjab, arewacin Indiya, kusa da iyakar Pakistan. Babu wurin da ya kai shi daraja a wajen mabiya addinin Sikh. Zinaren ne ke fara ɗauke ido, amma shi ne auta a tarihin wurin. Ruwan ya girme shi da shekara fiye da 250, don haka daga ruwan za mu fara.

Guru Ram Das, jagora na huɗu cikin jagorori goma na addinin, shi ya kafa garin, ya sa aka haƙa tafkin wajen shekarar 1577. Ana kiran tafkin Amrit Sarovar, wato tafkin ruwan rai, kuma daga nan garin ya samo sunansa. Tsawonsa da faɗinsa kowanne ya kai kusan mita 150, zurfinsa mita 5 da 'yan kai. Ɗansa Guru Arjan, wanda ya gaje shi a 1581, ya ɗaure gefen tafkin da ƙonannen tubali, sannan ya tayar da ɗakin ibada a tsakiya. Riwayar da ta fi yaɗuwa ta ce Mian Mir, wani shehin Ƙadiriyya na birnin Lahore, shi aka gayyata ya aza tubalin farko. Wasu tsofaffin riwayoyin Sikh kuwa sun ce Guru Arjan ne ya aza da hannunsa. A 1604 aka shigar da littafin addinin, Adi Granth, aka naɗa Baba Buddha mai karatu na farko. A cikin littafin akwai baitocin Shehu Farid, wani sufi Musulmi na ƙasar Punjab.

Ku lura da abu biyu da Guru Arjan ya yi da gangan. A al'adar yankin, a kan tudu ake ɗora wurin bauta, mai ziyara ya hau. A nan sauka ake yi. Ka shigo ta ƙofar da ke ƙarƙashin hasumiyar agogo, sai matakala ta gangara da kai, domin harabar tana ƙasa da titunan da ke kewaye da ita, kuma sarki da talaka duk sai sun sauko. Na biyu, ƙofofin ɗakin huɗu ne, kowane gefe ɗaya. A ƙasar da aka kasa mutane aji-aji tun daga haihuwa, har wasu ba a bari su taka wurin ibada, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma hanyar isa ɗakin ɗaya ce tak: gada mai tsawon kusan mita 60, wadda ta taso daga wata babbar ƙofa da ake kira Darshani Deori, tana zaune a kan bakuna don ruwa ya riƙa ratsawa ta ƙarƙashi.

Ɗakin kansa ƙarami ne ƙwarai. Kowane gefe mita 12 da kwata, a kan dandamali mai kusan mita 20. Shi ya sa layin kan gada ke ɗaukar sa'o'i a ranakun biki.

Ginin Guru Arjan bai kawo yau ba. A ƙarni na 18 wurin ya sha wuya. Ahmad Shah Abdali, sarkin Afganistan, ya auka masa a 1757, aka cika tafkin da ƙazanta, kuma a yaƙin ƙwato shi ne aka kashe Baba Deep Singh, wani jarumin Sikh. A 1762 Abdali ya dawo, ya sa albarushi ya tarwatsa ɗakin. Bayan shekara 2 Jassa Singh Ahluwalia, shugaban mayaƙan Sikh, ya sake aza harsashi, aiki ya ci gaba har 1776. Dogayen hasumiyoyi biyu na jan tubali da kuke hangowa can, na Ramgarhia Bunga, na wancan zamanin ne, masu gadi ke hawa su hango maƙiyi tun daga nesa.

Sai Maharaja Ranjit Singh, wanda ya kafa daular Sikh da hedikwata a Lahore. Shi ya kawo farin dutsen mabul da tagulla, kuma zuwa 1830 an lulluɓe saman ginin da zinare.

To bari mu matso kusa da bangon, domin a nan gwanintar take. Ƙasan bango farin mabul ne. Magini zai zana fure ko tsuntsu, ya sassaƙe gurbinsa a jikin dutsen, ya yanko duwatsu masu launi daidai gurbin, ya cusa su, a goge har yatsa ba ya jin mahaɗa. Sunan wannan aiki jaratkari. Daga nan zuwa sama kuwa faranta ne na tagulla. Maƙeri zai kifa farantin, ya yi ta bugunsa ta baya da ƙananan guduma har zanen ya kumburo ta gaba. Shi kuma zinaren ana dukansa sai ya fi fatar albasa sirantaka, a shimfiɗa shi a kan tagullar hawa-hawa, sannan a kafe farantin a bango. Tsakanin 1995 da 1999 wata ƙungiyar Sikh ta birnin Birmingham a Ingila, Guru Nanak Nishkam Sewak Jatha, ta jagoranci sabunta wannan lulluɓi, aka yi shi hawa 24. Can ƙoli akwai ƙubba gajeriya mai tsaga-tsaga, kamar furen bado da aka kife, da ƙananan rumfuna masu ƙubba a kusurwoyi. Salon ya ɗebo daga ginin Mughal, sarakunan Musulmi na Indiya, da na Rajput, sarakunan Hindu, ya zama nasa.

Ciki ya fi waje wuyar aiki. Zanen bango, wanda ake kira mohrakashi, a kan ɗanyen yaɓen farar ƙasa ake yinsa. Mai zane zai fitar da surar a takarda, ya bi layin da allura yana hudawa, ya ɗora takardar a bango, ya buga mata ƙullin garin gawayi. Ɗige-ɗigen baƙi su fito, su zama masa jagora. Sai ya sa launi, ya danna shi cikin yaɓen da ɗan katako tun bai bushe ba. Idan ya yi jinkiri yaɓen ya sha iska, launin a sama zai tsaya, ba da daɗewa ba ya ɓare. Saboda haka iya abin da zai gama a lokacin kawai yake yaɓawa. Bhai Gian Singh Naqqash ya shafe shekara fiye da 30 yana wannan aiki a nan. A hawa na sama, ɗakin da ake kira Shish Mahal, gutsattsarin madubi aka dasa cikin yaɓe, aka bi su da zinare.

Me ke lalata waɗannan abubuwa? Gini ne a tsakiyar ruwa, don haka danshi ne babban abokin gabarsa. Yaɓen farar ƙasa yana numfashi, danshi ya shiga ya fita. Inda aka yi gyara da siminti, ko aka shafa wa zane man ƙyalli, danshin ba ya samun mafita, sai yaɓen ya kumbura ya zube da zanensa. Zinaren waje kuma hayaƙin motoci da ƙurar gari ke dusashe shi. Ba a sa masa sinadari mai kaifi, domin zai cinye shi. Masu aikin sa-kai kan tafasa 'ya'yan wani itace mai kumfa da ake kira rita, su haɗa da ruwan lemon tsami, su bi farantan ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai laushi.

Ruwan tafkin daga kogin Ravi yake zuwa ta magudana, kuma tun 2004 akwai injinan tacewa. Duk da haka laka na taruwa. In ta yi yawa sai a kira kar sewa, abin da mu za mu ce aikin gayya: a kwashe kifin, a janye ruwan, dubban mutane su shiga da kwanon sarki a ka suna kwasar taɓo. An yi a 1923, an yi a 1973, an sake a 2004.

Ga wani abu da Bahaushe zai gane nan take. Tsofaffin bishiyoyi uku da ke bakin tafkin magarya ce, irin tamu. Mafi shahara ita ce Dukh Bhanjani, inda masu neman waraka ke wanka. Sun taɓa fara mutuwa, domin daɓen dutse ya shaƙe saiwoyinsu, ƙwari na tsotse rassan, masu ziyara kuma na shafa ɓawon da hannu mai maiƙon man shanu. Masana daga Jami'ar Aikin Gona ta Punjab da ke Ludhiana suka sa aka buɗe ƙasar gindin, aka yi shinge, ana sassabe da feshi a kan kari, bishiyoyin suka koma yin 'ya'ya.

Daura da bakin gadar akwai ginin Akal Takht, wanda Guru Hargobind, jagora na shida, ya kafa bayan kashe mahaifinsa Guru Arjan a Lahore a 1606. Nan ake yanke hukunci kan al'amuran al'umma. A watan Yunin 1984 sojojin Indiya suka shiga harabar da tankoki don fitar da Jarnail Singh Bhindranwale, wani malamin Sikh, da mayaƙansa. An rasa rayuka da yawa, ɗakin karatu ya ƙone, Akal Takht ya ragargaje. Gwamnati ta gyara shi cikin gaggawa, amma Sikh suka ƙi karɓar ginin, suka rushe shi a 1986, suka sake tayar da shi da aikin gayya.

Wanda zai shiga, ko wane addini yake bi, zai ajiye takalmi, ya rufe kai, ya taka cikin ɗan ruwan wanke ƙafa, kuma ba a shiga da taba ko barasa. A ɗakin cin abinci, langar, mutum 50,000 zuwa 100,000 ke zama a ƙasa sahu-sahu kowace rana, su ci gurasa da miyar ƙananan wake kyauta.

Da dare, in an kammala karatu, ana naɗe littafin mai shafi 1,430 cikin yadudduka, a ɗora shi a kan wani gadon ɗauka mai rumfa da aka yi wa ado da furanni, a bi da shi ta kan gadar zuwa makwancinsa a Akal Takht, wani na binsa da izga yana fifita. Sai a rufe ƙofa. Masu hidima su wanke daɓen ɗakin da ruwa gauraye da madara, su tsane shi da tawul, su sake shimfiɗu, kafin a dawo da littafin tun asuba ba ta yi ba.