Ciwon Ƙugun da Ba na Tsufa Ba

Dubi yaron nan a filin ƙwallon kwando na Samaru. Shekararsa 15. Ya daka tsalle, ya banƙare, ya jefa ƙwallo, yana dirowa sai hannu ya kai ƙugu. Koci ya ce, "Kai, bar raki, je ka shafa man zafi." A gida Hajiya ta ce sanyi ne.

Ba mamaki ƙashi ne ya tsage.

Ƙashin ƙugu gaɓoɓi biyar ne a jere, kuma a bayan kowace gaɓa akwai wani siririn ƙashi kamar 'yar gada, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ta biyar ɗin, ta can ƙasa, ita ta fi shan wuya. Ba faɗuwa ɗaya ke tsaga ta ba. Ka taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke? To, haka banƙarewa da murɗa jiki ke yi wa ƙashin da bai gama ƙwari ba.

Kowane wasa da tasa hanyar. Ɗan ƙwallon ƙafa yana banƙarewa in zai narka shot. Ɗan kokawa yana cicciɓar abokin karawa yana murɗawa. Mai ɗaga ƙarfe kuwa, nauyin duk a ƙugu yake sauka. A Ingila da Ostireliya, matasa masu jifa a wasan kurket sun daɗe suna fama da shi, haka masu alkafura. Wani bincike a Boston ta Amurka a 1995 ya duba matasa 'yan wasa 100 masu ciwon baya, 47 wannan tsagewar ce. A manya 100 kuwa, 5 kacal.

Alamarsa: in ya banƙare ciwo ya taso, in ya huta ya lafa, ya koma fili ya dawo. In an yi makonni a haka, ba aikin maɗori ba ne, don babu abin ɗorawa. A kai shi wajen likitan ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na Shika. Hoton X-ray na farko kan fito fes alhali tsagewar na nan, shi ya sa likita kan nemi MRI, wani hoton na'ura da ke nuna cikin jiki dalla-dalla.

Maganin ne yara ba sa son ji: ajiye wasa, galibi kamar wata uku, sai atisayen ƙarfafa ciki da baya a sashen gashin ƙashi. Tiyata ba kasafai ba. Amma in aka ci gaba da buga wasa har gefe biyu suka tsage, gaɓar na iya zamewa gaba, ta danne jijiya, ciwon ya gangaro har ƙafa.