Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan an taɓa BIOS

Mai gabatarwa: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ya ƙure, sai mu shiga kai tsaye ni da injiniyanmu. Na farko daga Maraɗi, ya ce duk sanda ya kunna kwamfutarsa sai ya ga agogo da kwanan wata sun koma baya.

Injiniya: Ɗan ƙaramin batirin da ke ciki ne ya ƙare, yawanci CR2032 ne mai ƙarfin bolt 3. A canza shi, magana ta ƙare.

Mai gabatarwa: Wani kuma daga Kumasi yana neman a koya masa cire kalmar sirrin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, a kwamfutar da ya ce ya saya a hannu. Haba ɗan'uwa, wannan ba a rediyo ba. Koma wurin wanda ya sayar maka, ka tafi da rasidinka.

To ga wadda za mu daɗe a kanta, don mutane da yawa sun aiko da irinta. Wata ɗaliba ce daga Zariya. Ta ce kwamfutarta ta nemi a sabunta BIOS, ta amince, ana cikin yi aka ɗauke wuta, babban batirin kwamfutar kuwa dama ya mutu. Yanzu fanka na juyawa, fitila na kamawa, amma fuskar kwamfutar baƙi ƙirin. Aikinta na kammala karatu yana ciki. Ƙanwata, kin rubuto mana shafi guda cur, amma ba ki faɗi sunan kamfanin kwamfutar ba! Injiniya, aikinta ya tafi ke nan?

Injiniya: Bai tafi ba. Ai shi BIOS, tun kwamfutar IBM ta 1981 ake da shi, kuma a lokacin ba a iya sake rubuta shi, yadda ya fito daga masana'anta haka zai zauna. Daga baya ne aka koma wanda ake gogewa, yanzu ma UEFI ake kira, sai dai baki ya saba...

Mai gabatarwa: Injiniya, baiwar Allah nan hankalinta na kan aikinta.

Injiniya: To, ta kwantar da hankali. BIOS yana zaune ne a wani ɗan ƙanƙanin cif, galibi mai ƙafa 8, a jikin bod, wato babban faifan da kayan cikin kwamfutar ke jone a kai. Shi ke fara farkawa ya duba komai kafin ya miƙa wa Windows. An katse shi ana tsakar rubutu, sai ya zama rabi sabo rabi tsoho. Takardunta kuwa suna kan ma'ajiyar bayanai, wato hard disk ko SSD, wuri ne daban.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Takardunki suna nan. Duk wanda ya ce sai an yi fomatin, ki karɓi kayarki ki bar shagon. Me za ta fara yi a gida?

Injiniya: Ta zare duk abin da ke jone, ta cire caja, ta danne maɓallin kunnawa kamar rabin minti, sannan ta gwada. In ta ƙi, sai a bi hanyar ceto da kamfanoni suka tanada. In HP ce, a jona caja tana kashe, a danne maɓallin Windows da harafin B tare, a danna na kunnawa daƙiƙa 2 zuwa 3 a saki, amma waɗancan biyun a ci gaba da riƙe su. A yi haƙuri, takan kai daƙiƙa 40 kafin rubutu ya bayyana. In bai yi ba a gwada Windows da V. In Dell ce, a cire caja, a danne Ctrl da Esc, sannan a mayar da cajar ana riƙe da su. Wani lokaci sai an sauko da fayil ɗin BIOS daga shafin kamfanin da wata kwamfutar, a sa a filas mai tsarin FAT32. Kuma lambar samfurin ta zo daidai, harafi ɗaya in ya saɓa an ƙara ɓata lamari.

Mai gabatarwa: HP, Windows da B. Dell, Ctrl da Esc. Kuma don Allah a nemi wuta tsayayya, ko janareta ko sola, kafin a fara. In duk sun ƙi fa?

Injiniya: Sai wurin mai gyara. Akwai wata 'yar na'ura, CH341A, da ɗan matsi da ake kama ƙafafun cif ɗin a rubuta masa sabo. Wasu cif ɗin bolt 1.8 suke ɗauka, in aka ba su fiye da haka suna iya ƙonewa. Abin da nake roƙon abokan sana'ata shi ne su kwafe tsohon BIOS ɗin su ajiye kafin su goge, ko da ya lalace. Lambar kwamfutar da lasisin Windows suna cikinsa. Kuma ba kowane baƙin allo ne BIOS ba, sau da yawa RAM ne, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar, ya motsa daga mazauninsa.

Mai gabatarwa: Ni a ganina, mai gyaran da ya ce a sayi sabon bod tun bai gwada waɗannan ba, bai kyauta ba. Ƙanwata, ki ce a fara ciro miki aikinki a filas. In kwamfutar ta tashi ta nemi lambobi 48 na BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle bayanai da shi, ki duba asusunki na Microsoft ta waya. Mai tambaya daga Garwa kan kwamfuta mai zafi, ka yi mana uzuri sai mako mai zuwa. A huta lafiya.