Masauki da abinci a birnin Landan

An gabatar da wannan lacca a Kano, a gaban masu shirin tafiya Ingila, cikinsu har da ɗalibai da 'yan kasuwa da masu rakiyar marasa lafiya. Mun rubuto ta daga muryar da aka naɗa, mun rage gaishe-gaishe da maimaici kawai.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan inda baƙo zai sauka da abin da zai ci idan ya je Landan. Na yi shekaru a garin nan, na tarbi baƙi masu yawa, kuma abin da yake damuna guda ne. Mutum zai yi wata uku yana fafutukar biza, ya sayi tikiti, ya ɗinka sababbin kaya, amma zancen inda zai kwana sai ana jibi tafiya yake tunawa. Daga nan sai ya buɗe waya, ya ga ɗaki mai araha an rubuta Landan a jikinsa, ya biya. Malamanmu sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. A Landan unguwa ake fara zaɓa, ɗaki ya biyo baya, kuma yawancin maganata yau a kan wannan take.

Dalili shi ne garin yana da faɗi ƙwarai. An raba shi shiyya-shiyya saboda kuɗin jirgin ƙasa, shiyya ta 1 ita ce tsakiya, lambar tana ƙaruwa kana yin nisa. Filin jirgin Heathrow, inda yawancinku za ku sauka, yana shiyya ta 6. Wani ɗan'uwana ya taɓa kawo mahaifiyarsa ganin likita a tsakiyar gari, ya kama ɗaki can bayan gari don ya ga sauƙin kuɗi. Kullum sai sun shiga bas, sun sauka sun hau jirgi, sun sake canza wani, tsohuwa tana fama da gwiwa, ga sanyi, ga matakala. Abin da ya rage a kuɗin ɗaki ya tafi a kuɗin mota, ranar da ta kasa ma sai da suka ɗauki tasi. Har yau idan na tuna yadda take tsayawa tana maida numfashi a kan matakalar tasha, raina yana ɓaci, domin da ya tambaya tun yana gida da ba ta sha wannan wahala ba.

Saboda haka ka fara sauke taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa a wayarka. Ka nemo inda hidimarka take, asibiti ne ko makaranta ko wurin taro, ka ga layin da ya bi ta wurin, sannan ka nemi masauki a kan wannan layin, kusa da tasha, yadda ba sai ka canza jirgi ba.

Bari in kawo muku unguwannin da na sani.

Idan magani ya kai ka, likitoci masu zaman kansu da yawa suna Harley Street da kewayenta, a unguwar Marylebone. Wanda zai riƙa zuwa nan, Paddington da Bayswater da Edgware Road su suka fi dacewa da shi. Paddington cike take da ƙananan otal-otal, kuma jirgin Heathrow Express yana kawo ka tasharta daga filin jirgi cikin minti 15, sai dai da tsada. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a 2022, shi ma yana zuwa Paddington, ya ɗan fi jinkiri amma ya fi sauƙin kuɗi, tashoshinsa kuma suna da lif, abin da tsofaffin tashoshi da yawa ba su da shi. Edgware Road kuwa titin Larabawa ne, gidajen abincin 'yan Labanan da Iraƙi da Masar a jere, suna kaiwa dare a buɗe. Daga nan da ƙafa za ka iya zuwa Babban Masallacin Landan da ke gefen Regent's Park, mai ƙubba ruwan zinare, wanda aka kammala a 1977. Unguwar tana da tsada, ba zan ɓoye muku ba, amma mai jinya kusanci yake saya.

Idan ni aka tambaya inda Musulmi baƙo mai matsakaicin ƙarfi zai fi samun natsuwa, Whitechapel zan ce, a gabashin gari. Mutanen Bangaladash ne suka fi yawa a wurin. Masallacin Gabashin Landan yana kan babban titin, ginin da ake salla a ciki yanzu an buɗe shi a 1985, aka ƙara masa wata cibiya a 2004, sannan a 2013 aka buɗe Cibiyar Maryam domin mata. Iyaye mata, wannan ya shafe ku, kuna da wurin salla da wurin alwala wadatacce. Ranar Juma'a ka je da wuri, don cika yake yi maƙil. Ka fito daga masallaci, dama da hagu abincin halal ne, shinkafar biryani, gasasshiyar kaza, gurasa mai zafi. A bayan masallacin akwai tsohon gidan abincin 'yan Fakistan mai suna Tayyabs, tun 1972 yake, an san shi da gasasshen haƙarƙarin rago, da daddare har layi ake yi. Kasuwa tana ci a bakin titi, kayan miya da kayan marmari da mayafai. Layin Elizabeth ɗin nan yana tsayawa a Whitechapel, wato daga Heathrow jirgi ɗaya zai sauke ka da akwatunanka. A nan na fi sauke baƙina, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya rasa abin ci ko ya rasa jam'i ba.

Sai Peckham, a kudancin kogin Thames da ya ratsa garin, inda 'yan Najeriya suka yi yawa har ana ce mata ƙaramar Legas. A titin Rye Lane za ka samu doya da manja da kuɓewa da attarugu da garin rogo da busasshen kifi, akwai masu tsire, akwai mahauta masu naman halal. Ba nisa daga nan, a Old Kent Road, akwai masallacin da Musulmin Najeriya suka kafa. Abu ɗaya za ku lura da shi, jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya zuwa Peckham, sai jirgin ƙasa mai bi ta saman ƙasa da bas. Ni shawarata, ka je cefane can, amma idan hidimarka a arewacin kogi take, kada ka sauka a nan don kwaɗayin tuwo.

Masu son Oxford Street saboda sayayya, ba sai kun kwana a kanta ba. Daga duk inda na ambata jirgi ko bas zai kai ku.

To, yanzu ɗakin kansa. Ku rage buri. Ɗakunan Landan ƙanana ne, kuɗin da zai ba ka falo da ɗaki a Abuja, can gado ne da ɗan wurin ajiye akwati. Kafin ka biya, ka karanta ka tabbatar banɗakin naka ne kai kaɗai, don akwai masu araha da ake haɗa banɗaki da wasu baƙi. Ka tabbatar akwai taga, domin ana hayar ɗakuna a ƙarƙashin gini waɗanda ba su da ita. Idan da tsoho ko mara lafiya, ka tambayi lif, tsofaffin gidajen Paddington da yawa hawa huɗu ne ko biyar, matakala siririya. Kamfanoni irin su Premier Inn da Travelodge suna da rassa a ko'ina, ba ƙawa, amma ka san abin da za ka tarar. Ɗalibai da masu zuwa taro a lokacin zafi, wasu jami'o'i kamar London School of Economics (LSE) suna ba da hayar ɗakunan kwanan ɗalibansu idan an yi dogon hutu. Wanda zai wuce mako guda, musamman da iyali, ya nemi gida mai kicin. Girki sau ɗaya a rana zai rage maka kuɗi fiye da duk wata dabara, mara lafiya kuma zai samu kununsa da faten da ya saba.

Yawancin otal sai wajen ƙarfe uku na rana suke ba da ɗaki. Idan da sassafe jirginka zai sauka, ka rubuta musu tun kana gida, ko su ajiye maka kaya, ko ka biya daren da ya gabata. Ku sa buta a akwati, ƙarama ta roba, banɗakunansu takarda kawai suke ajiyewa. Alƙibla kuma ba gabas ɗin da muka saba ba ce, daga Landan kudu maso gabas ake fuskanta, ku duba a waya.

Akwai maganar da nake so in faɗa da girmamawa, ita ce sauka a gidan 'yan'uwa. Mu a wurinmu baƙo rahama ne, kuma 'yan'uwanku na can ba su manta da wannan tarbiyya ba. Amma ku san halin da suke ciki. Da yawansu ɗaki ɗaya ko biyu suke haya, da mata da 'ya'ya, wani ma ɗaki guda ya kama a gidan haɗaka, yarjejeniyar hayarsa ba ta yarda wani ya zauna ba. Yana fita aiki da duhu ya dawo da duhu. Kunya ba za ta bar shi ya ce maka a'a ba, zai ba ka gadonsa ya kwana a kujera, ya ci bashi ya yi maka hidima. Na ga zumuncin shekara ashirin ya yi rauni a kan baƙuntar wata guda. Don Allah ka tambaye shi tun da wuri, ka faɗi ranar zuwa da ranar tafiya, ka ba shi ƙofar da zai ce ba hali ba tare da ya ji nauyi ba. Idan ya sauke ka, ka yi cefane.

Mu dawo kan abinci. Na farko, kada ku ɗauki kilishi ko dambun nama ko man shanu. Dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin tamu, za a karɓe a filin jirgi, kuma kana iya jawo wa kanka tara. Na san tsaraba ce ta ƙauna, amma asara za ta zama.

Halal ba ta wahalar samu a Landan, sai dai a yi tambaya. Akwai hukumomi biyu da aka fi sani masu ba da shaida, HMC da HFA. Bambancinsu a kan sumar da dabba ne kafin yanka, ta farko ba ta yarda da shi ba sam, ta biyu ta yarda da wani nau'i bisa sharaɗi. Wannan mas'ala ce ta malamai, kowa ya tambayi malaminsa kafin ya tashi, ya san wadda zai bi. Wani gidan abincin kazarsa halal ce amma sauran naman ba haka ba, to ka tambaya kai tsaye, ba sa jin haushi, sun saba. A kanti kuma ka karanta bayan kwali. Kalmomin pork da bacon da ham da lard duk alade ne, gelatine ma sau da yawa daga gare shi ake yi, yana cikin alewa da kayan zaƙin yara. Karin kumallon Ingilishi da otal suke bayarwa akwai alade a ciki, akwai wani baƙin abu da ake yi da jini, ka tsaya a kan ƙwai da wake da burodi da shayi. Kifi da dankalinsu da ya yi suna, wasu da giya suke kwaɓa fulawar, shi ma a tambaya.

A ƙofar gidajen abinci za ku ga wata koriyar takarda mai lamba daga 0 zuwa 5, makin tsafta ne da hukuma take bayarwa. Ni ba na shiga ƙasa da 4. Idan ka zauna aka kawo maka abinci a tebur, sau da yawa za ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a takardar kuɗi, ladan hidima ne, ba sai ka ƙara wani abu ba. Ruwan famfonsu ana sha, ka roƙa a ba ka, kada ka yi ta sayen na roba. Da rana idan kana yawo, manyan kantuna irin su Tesco da Sainsbury's suna haɗa burodi mai haɗi da abin sha da ɗan abin taɓawa a farashi ɗaya mai sauƙi, ka ɗauki na kifi ko na ƙwai. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa, mai girki ya yi cefanensa Asabar.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Bismillah, Hajiya.

Hajiya tana tambaya ne a kan yara da kuɗin mota, da kuma lokutan salla. To, Hajiya, yaro ɗan ƙasa da shekara 11 ba ya biyan kuɗin bas, a jirgin ƙarƙashin ƙasa ma kyauta ne idan yana tare da babba mai tikiti. Ke kuma ki sani bas ba ya karɓar tsabar kuɗi tun 2014, sai katin Oyster, wato katin biyan kuɗin mota na Landan, ko katin banki da ake ɗorawa a na'ura, kuma kowane babba da nasa katin, mutum biyu ba sa shiga da ɗaya. Lokutan salla kuwa suna tafiya da yanayi sosai. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa, idan kina asibiti ki tambayi ɗakin ibada, yawancin manyan asibitoci suna da shi. A watan Yuni kuma sai bayan tara na dare ake Magariba, Asuba ta yi sammako ƙwarai. Ki karɓi jadawalin wata a masallacin unguwar da kika sauka ranar da kika isa. Wane wata za ku tafi, Hajiya? Nuwamba? To, ki saya wa yaran riguna masu kauri da safa tun daga nan Kantin Kwari ko Sabon Gari, ki sa su a jakar hannu, don tun daga ƙofar filin jirgi za su buƙace su.